Abin da ke Cikin Gwangwanin Haula

Litinin, 5 ga Agusta, bayan la'asar

An kwantar da Haula. Ɗaki na uku, gadon da ke jikin taga. Na sayi wanga kaye, littafin rubutu, a bakin asibiti don in riƙa rubuta sunayen magungunan da za su ba ta, tunda ni ne mai karatun gidan, ga shi tun shafin farko na ɓuge da surutu. Ɗan kasuwa ko a takarda sai ya yi talla.

Tun Juma'a take zazzaɓi, da ciwo a gefen baya na dama, da rawar ɗari har haƙora na karo. Yau da hantsi ta yi amai a gindin murhu, ta zauna ƙasa, ta kasa tashi. Shekara ashirin da shida muna tare ban taɓa barin ta ta bi layin asibiti ba. A kasuwar Tawa ma ina faɗin haka da buɗe murya: matar Illa mai teburin magani ba ta bin layi. Yau na ɗora ta a adaidaita kamar buhun gero.

Likitan matashi ne mai tabarau, Dokta Isufu. Ya danna mata baya, ta yi ƙara. Ya ce cutar mafitsara ce ta haura ƙoda. Sannan ya juyo gare ni.

"Mi ta sha kafin ku zo?"

"Parasetamol."

"Shi kaɗai? Babu kafso, babu antibiyotik? Watannin baya fa?"

"Babu."

Haula tana kallon bango.

Ya tambayi sana'ata, na ce kasuwa. Ai ba ƙarya na yi ba. Na sa farar rigata ta Juma'a, kuma wanda ya yi shekara tara a Abijan ya san yadda ake tsayawa gaban mai tabarau.

An sa mata ƙarin ruwa, da sipro ta jijiya. Sipro dai. Ina da kwali uku a ƙarƙashin tebur.

Talata, 6 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya

Raƙiya ta iso daga Kalfu da goyonta, ita za ta kwana da uwarta. Na shiga na tarar tana shafa mata ruwa a goshi.

Haula ta buɗe ido guda. "Dokta, yau an ƙwace maka majinyaciya."

Tun muna sabon aure take ce mini Dokta, don tsiya. Na ce mata aro na ba su, su yi da ke a hankali, ba a samun irinki a kasuwa yanzu.

"Ana samu. Kai ne ba ka da kuɗin."

Raƙiya ta yi dariya, "Inna, ki bar Baba ya huta."

Zafin jiki talatin da tara da rabi.

Laraba, 7 ga wata, bayan azahar

Bai sauka ba. Likita ya ce a ba maganin kwana uku ya yi aikinsa.

Da Raƙiya ta fita shanya, Haula ta ja bakin rigata. Muryarta ƙasa-ƙasa. "Nasu ba ya jin jikina. Ka zo mini da nawa."

Na ce mata nan ba gida ba ne.

"Shekara nawa kana tada ni da su?"

Na je na dawo. Na kai mata fura. Ba zan rubuta abin da ke cikin furar ba.

Alhamis, 8 ga wata, magariba

An sauke sipro, an ɗora wata allura, seftiriyakzon. Na rubuta sunan da kyau, na duba kwalbar, ta Indiya ce, mai kyau. Ni ma da ita zan bi.

Na leƙa kasuwa da yamma don kada tebur ya manta da ni. Muktari, maƙwabcin teburina, wanda ni na koya mishi karanta kwanan wata a jikin kwali, ya ce, "Malam Illa, an ce madam na asibiti. Kai da kanka? Mahauci na cin tuwo gaya?"

Na ce mishi ko mai gyaran rediyo wata rana labarai yake ji a gidan maƙwabta.

Ya zaro wani kwali kore, sabon shigowa, wai na tada gawa ne. Na karɓa don kada ya ji kunya. Yana aljihuna har yanzu.

Juma'a, 9 ga wata, ƙarfe tara na safe

Sun ɗauki fitsarinta zuwa labo, ɗakin gwaji. Za su shuka shi, in ji su, su ga abin da ya tsiro. Kwana uku kafin a sani.

Likita ya sake tambaya. Wanga karon a bakin ƙofa, ba gaban ta ba.

"Baba, ka tabbata ba ta saba shan komi ba? Abin na ba ni mamaki."

Na ce, ai sha'anin mata ne, wa ya san abin da suke ba juna a gidan suna.

Ban ce komi ba ke nan. Kwana biyar.

Asabar, 10 ga wata, la'asar

Zafin jiki arba'in.

Lahadi, 11 ga wata, bayan la'asar

Ranar kasuwa, ban fita ba. Ruwa ya sauko tun hantsi, irin wanda ke zuwa a kwance. Kafin azahar tsakar gida ta zama tafki, ya fara shiga ɗakin Haula ta ƙarƙashin ƙofa. Na tuɓe riga, na ɗauki roba, ina kwalfa ina watsawa bayan katanga. Muddin sama na yayyafi ina gabansa, in ta buɗe baki sai ya fi ƙarfina, in tsaya ina kallo. Haka munka yi da shi har sau uku.

Da na ga zai ci kayan ƙarƙashin gado, na shiga fitar da su. Kwalla, tsohon faifai, takalmin bikin Raƙiya. Can ƙurya akwai babban gwangwanin madarar gari. Na ɗaga shi, ba nauyi, murfin ya suɓuce.

Ɓawon kafso ne. Ja da rawaya, ja da baƙi, fari da kore. Sun watsu a kan ruwa suna yawo a tsakar gida kamar furen bagaruwa. A ƙasan gwangwanin kuma takardun azurfa na ƙwayoyi, an yanka su biyu-biyu. Na san yankan. Almakashina na da ɗan gurɓi a baki, duk abin da ya yanka sai ya bar haƙori.

Haula ba ta iya haɗiyar kafso. Buɗewa take ta zazzage a fura. Ban taɓa tambayar inda ɓawon ke zuwa ba.

Na bi su cikin ruwa ina tsinta guda-guda. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta saman katanga, ta ga dattijo ba riga yana kamun ja da rawaya, ta koma.

Na fara ƙirgawa, na kai ɗari huɗu, na bari.

Litinin, 12 ga wata, ƙarfe sha biyu

An aike ni labo karɓo takarda. Wadda ke wurin, Madam Kadidiya, mace ce mai kamar shekara arba'in, gajera, ba ta da lokacin kowa. Ta miƙo takardar, ta dube ni, ta janye hannunta.

"Ba kai ne mai tebur a bakin layin 'yan tumatir ba? Mai lema shuɗiya?"

Na ce mutane na kama da juna.

"Kai ne. Ka taɓa sayar wa ƙanwata sipro guda biyu don ciwon haƙori. Shigo."

Na shiga. Wanda anka gane a kasuwa ba ya gudu, gudu ke tara jama'a.

Ta ɗauko wani ɗan faranti na roba mai murfi, ta ɗaga shi ga haske. Cikinsa wani abu kamar daskararren romo, saman ya yi fari-fari. An jera wasu 'yan takardu zagaye a kai, ƙanana kamar ƙwayar wake.

"Wanga farin da ka gani, ƙwayoyin cutar matarka ne, munka shuka su sunka tsiro. Kowace takarda an jiƙa ta da magani guda. In magani na aiki, za ka ga fili kewaye da takardar, babu abin da ya tsiro. Duba ka gaya mini."

Na duba. Na yi aji uku a kolej, haruffan ba su gagare ni ba. Ga ja-da-rawaya, cutar ta tsiro har jikin takardar. Ga sipro, haka. Ga amoksi, ga kotiri, ga allurar da suke mata tun Alhamis. Teburina ne gaba ɗaya a cikin faranti, kuma ciyawa ta cinye shi. Biyu kaɗai ke da fili kewaye.

Na ce, "Madam, ko magungunan jabu ne?" Na so su zama jabu. Jabu laifin wani ne.

"Ba jabu ba ne. Zauna."

Zan rubuta yadda ta faɗa, gwargwadon abin da na riƙe. Ta ce ƙwayar cuta kamar ɗaki ce mai katanga biyu. Magani ba ya kashe ta daga waje, sai ya shiga ciki ya taru. To a jikin katangar akwai wasu 'yan famfuna, da su anka halicce ta, don irin wagga ƙwayar a hanji take zama, cikin ɗaci da datti, dole ta riƙa fitar da abin da zai cuce ta. Magani ya shiga, famfo ya kama shi ya tura waje. In an sha magani cikakke, a kan lokaci, kwanakin da anka ce, yakan fi ƙarfin famfon ya cika ɗakin. In kuwa biyu anka sha anka bari, masu raggon famfo su mutu, mutum ya ji sauƙi ya tashi ya yi daka. Masu ƙarfin famfo su rage. Su ne za su haihu. Bayan wata uku a sake ba su biyu, a sake tankaɗe su. Kullum ana zubar da raggaye ana ajiye ƙarfafa.

"Kuma abin haushin," in ji ta, "famfon ba ya zaɓe. Ba ruwansa da sunan da ke jikin kwali. Wanda ke tura ja-da-rawaya waje, shi ke tura sipro, shi ke tura wasu da matarka ba ta taɓa gani ba. Ka horar da shi da guda, ya yi maka aikin biyar. Sannan yana saya wa ƙwayar lokaci, tana raye cikin magani kaɗan-kaɗan har ta koyi wasu dabarun."

Na ce ta nuna mini famfon.

"Nan ba mu da na'urar ganinsa. Kuma ba shi kaɗai ne makaminsu ba, wasu narka maganin suke, kamar yadda nake zaton sun yi wa allurar nan. Amma in na ga magungunan da ba dangin juna ba sun faɗi tare haka, famfo nake fara zargi."

Na tambaye ta, ɗan kasuwa ai ba ya rasa tambaya, ko akwai abin da ke toshe shi. Ta ce masana na nema shekara da shekaru, har yau bai iso kanti ba. "In ya iso ma, ku za ku yanka shi biyu-biyu."

Jiya nake tunawa, ni da roba a tsakar gida. Yayyafi ba ya cin ɗaki, sai dai ya koya wa mai gida kwalfa. Shekara shida ina yi wa Haula yayyafi.

Litinin ɗin dai, magariba

Tun bayan ɓarin da ta yi ne abin ya fara, zafin fitsari. Ta ce ba za ta je wani namiji ya tambaye ta yadda take fitsari ba, ko a ɗaure. Na ce wa ya aike ki, kina da likita a gida. Biyu da fura, gobe ta tashi. Ta riƙa dubana kamar na yi wani abin kirki. Da ja-da-rawaya ya daina ji na koma ja-da-baƙi, da shi ma ya gaji na hau sipro. Har daɗi nake ji, wai ina ƙara mata girma.

Kowa haka yake saye. Wa ke da kuɗin kwali? Mutumin Afala ya zo kasuwa da akuya guda, ka ce mishi ya sha ashirin da ɗaya? Biyu yake so, biyu zai samu, in ba wurinka ba wurin na kusa da kai.

Wanga duk gaskiya ne. Na karanta shi sau biyu, bai yi mini amfanin komi ba.

Talata, 13 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na kai gwangwanin. Na ajiye shi a teburin Dokta Isufu na buɗe. Na faɗi sana'ata, na faɗi shekarun, na faɗi furar Laraba. Na zaro koren kwalin Muktari ma na ɗora, ban san dalili ba.

Na shirya wa faɗa. Na san yadda ake karɓar faɗa, ka sunkuya ya wuce ta sama. Bai yi ba. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Da ka faɗa ranar Litinin ta farko, da a ranar na aika fitsarin labo kafin in sa mata komi. Da Alhamis mun san inda muke."

Alhamis zuwa Litinin. Kowa ya iya wanga lissafi.

Cikin biyun da sunka rage, guda yana taɓa ƙoda, kuma ƙodarta ta riga ta gaji, ba zai yarda ya sa shi ba. Gudan babu shi a garin nan, sai Yamai. Na kira ɗan ƙanena da ke can, zai saya ya ba direban motar safe.

Da na juyo, Raƙiya na tsaye bakin ƙofa da buta a hannu. Ban san tun yaushe ba.

Laraba, 14 ga wata, azahar

Ruwa ya yanke hanya. Motar na tsaye wani wuri da magani cikinta.

Raƙiya ta kawo mini kujera ta ajiye, ba ta ce Baba ga kujera ba.

Alhamis, 15 ga wata, la'asar

Hanya. Na kira direban sau tara, har ya ce, "Alhaji, in ka iya sha mini ruwan nan, bismilla."

Haula ba ta gane ni ba yau. Tana kiran sunan yayarta da ta rasu tun muna Abijan. Ƙafafunta sun kumbura.

Na zauna ina kallon ledar ƙarin ruwa na ɗiga. Ina ta ganin 'yan famfunan nan, dubu bisa dubu, kowane na aikinsa, ba gajiya, ba hutun sallah. Ban taɓa samun ma'aikata irinsu ba. Ni na ɗauke su aiki.

Juma'a, 16 ga wata, bayan sallar Juma'a

Maganin ya iso. Wasu 'yan kwalabe cikin kwalin sabulu. An fara.

Asabar, 17 ga wata, hantsi

Talatin da takwas. Na sa infirmiya, mai jinyar ɗakin, ta sake gwadawa. Talatin da takwas.

Lahadi, 18 ga wata, bayan la'asar

Ta farka sosai yau. Ta nemi a ɗaura mata kallabi, wai ba za a gan ta kamar mahaukaciya ba. Ta tambayi ko an ba awaki dusa. Ta ce ɗakin na warin allura.

Raƙiya ta fita da yaron, ba don ta ba mu wuri ba, don kada ta zauna inda nake.

"Mi ka yi wa ɗiyata?" in ji Haula.

Na gaya mata. Duka, har da farantin Madam Kadidiya da famfunan. Na yi mata bayanin da kwalfar ruwa, don na san ta fi ni sanin wanga aiki. Ta saurara ido rufe.

"To su ma rai suke nema," ta ce.

Na ce ni na ba ki.

"Kai ka miƙo, ni na buɗe baki. In za a raba, a raba daidai, kada ka cuce ni nan ma."

Na tambaye ta don mi take ajiye ɓawon.

Har na ɗauka barci ya ɗauke ta, sai ta ce, "Wasu mazan turmin zane suke kawowa. Kai wanga kake kawowa, da hannunka, ka tsaya har in shanye. Sai in zubar?"

Na ce ai na saya miki zane.

"Sau uku. Guda ma ya koɗe tun wankin farko."

Ta ce in kawo mata fura gobe, ta gidan Safi mai nono, ba ta bakin asibiti ba. Sannan ta buɗe ido ta dube ni. "Fura kawai, Dokta."

Litinin, 19 ga wata, ƙarfe sha ɗaya

Na kawo. Ta sha cokali biyu.

Ledar fitsari tun jiya ba ta ƙaru ba. Na ɗaga ta na duba, na sake ɗagawa, har infirmiya ta ce in bar ta ta huta.

Likita ya ce maganin na cin cutar, zazzaɓin ma ya nuna. Ƙodar ce. Ta daɗe tana jira.

Talata, 20 ga wata, azahar

Ana maganar a kai ta inda ake wankin ƙoda. Ana maganar ko za ta iya hanya. Ana maganar hanyar kanta. Kowa na magana a hankali, ni da na saba da wurin da ake ɗaga murya.

Na haɗu da Madam Kadidiya a baranda. Ta tsaya, abin da ba ta yi wa kowa. Ta ce ta ji na kai gwangwani. Ta ce da yawa ba su kaiwa.

Na ce kwana huɗu, Madam. Da kwana huɗun nan sun isa?

"Ban sani ba, Malam Illa. In na ce maka i, ƙarya na yi. In na ce a'a, ita ma."

Na fi son mai sayarwa da ke faɗin farashi guda.

Laraba, 21 ga wata, bayan azahar

Ɗaki na uku, gadon jikin taga. Sun canza zanen gado, babu kowa a kai.

Asabar, 24 ga wata, magariba

Mutanen Afala sun zo, danginta, mota biyu. An yi addu'ar uku. Kowa ya riƙe hannuna ya ce kwana ya ƙare, kuma na san haka ne. Yayanta Alhusaini ya ce a gaban jama'a ba su taɓa jin ta yi kukan rashin kulawa ba, ko ciwon kai ta yi Illa na tsaye da magani. Jama'a sunka ce Allah ya saka. Na ce amin.

Raƙiya na bayan labule. Na san ta ji.

Laraba, 28 ga wata, hantsi

Addu'ar bakwai. Raƙiya ta koma Kalfu. Ta share ɗakin uwarta, ta jera komi, ta bar mini tuwo a rufe. A bakin ƙofa ta tsaya da goyonta, tana kallon ƙasa.

"Baba, wanda kake ba ni in yaron na gudawa, shi ma irinsa ne?"

Na ce irinsa ne.

Ta gyara goyo ta tafi. Amma ta ce Baba.

Juma'a, 30 ga wata, la'asar

Awaki na kuka. Ban san inda take ajiye dusa ba.

Lahadi, 1 ga Satumba, bayan la'asar

Na fita kasuwa. Zaman gida ba ya ciyar da awaki, kuma ban iya wata sana'a ba, shekara talatin ke nan. Na kafa lema, na jera kwalaye. Gwangwanin na ƙarƙashin tebur, likita ya mayar mini da shi, ban san inda zan kai shi ba.

Muktari ya yi mini gaisuwa da kyau, har ya saya mini shayi. Ba mugu ba ne. Na fara yi mishi bayanin famfo, ya saurara har tsakiya, ya ce, "Malam Illa, baƙin ciki ne. Zai wuce." Mai saye ya zo mishi, ya juya.

Na sayar da parasetamol, da man zafi, da filasta. Wajen sha ɗaya wata mata ta tsaya, ta kai shekarun Haula, da kwando a kai, daga Takanamat in ji ta. Ta jira maza sunka wuce, ta matso, ta yi ƙasa da murya. Tun kafin ta faɗa na san abin da za ta faɗa. Na san yadda suke kallon gefe.

"Ja-da-rawaya, biyu. In na tsuguna ne nake jin zafi."

Na ce sun ƙare.

"Ga su nan ina gani, Malam."

Na ce waɗannan ba na sayarwa ba ne. Na ce ta je asibiti, ta ce a gwada fitsarin, akwai mace a labo, Madam Kadidiya, ba namiji ba ne. Na ce in an rubuta mata magani ta shanye shi duka, ko ta ji sauƙi. Na ji bakina na sauri kamar ina talla, ban taɓa tallar da ba ni da abin miƙawa ba. Har na sunkuya zan jawo gwangwanin in nuna mata.

"Motar garinmu azahar take tashi," ta ce. "Kullum biyu nake sha, kuma yana yi mini."

"Yana yi," na ce. "Na sani."

Ta dube ni kamar wanda rana ta taɓa. Ta gyara kwandonta, ta yi taku uku zuwa teburin Muktari.

Ban juya ba. Na ji ƙarar almakashinsa, sau guda.